Tambayar da Na Yi a Gaban Surukarta

Litinin, 2 ga Satumba, bayan an tashi aiki

Luka ya ce tunda na ƙi yin magana kwanakin nan, in riƙa rubutawa. To ga shi ina rubutawa, kada a ce Dibora ba ta jin maganar miji.

Ɗakin hoto ya cika yau, kamar kullum idan ruwa ya yi yawa: masu faɗowa daga babur, masu zamewa a taɓo. A cikinsu aka kawo wata matashiya daga wani ƙauye bayan Guri, sunanta Mairam. Ta zame tana fitowa daga kwalekwale da kwandon kifi a ka, ƙugunta ya bugi bakin jirgin. Surukarta ce ta riƙo ta, Iya Asabe, tsohuwa mai kaifin baki, duk abin da aka tambayi yarinyar ita ke amsawa, har sunanta. Dakta Mukhtar ya ce a yi hoton ƙugu. Na yi tambayar da nake yi wa kowace mace kafin in kwantar da ita: "Kina da ciki, ko kina zaton akwai?" Mairam ta sunkuyar da kai ta girgiza shi. Iya ta ce, "Amarya ce, bayan ƙaramar Sallah aka kawo ta. Ɗauki hotonki, Sista." Na ɗauka. Babu karaya, buguwa ce kawai. Hoton ya fito tas, ni kaina na yaba wa kaina.

Shekara takwas ina wannan aiki a Hadejia. Na san aikina.

Sai dai warin bandar kifin da ke jikin zannuwansu, ban san yadda aka yi na gama hoton a tsaye ba.

Alhamis, 5 ga Satumba, da yamma

Na kai wa tela fararen rigunana ya saki. Ya ce, "Madam, kifin Hadejia ya karɓe ki." Na ce ƙwarai kuwa.

Talata, 10 ga Satumba, wajen la'asar

Mijin Mairam ya zo. Umara sunansa, masunci ne, dogo, hannayensa duk tabon igiya. Bai zo da faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya tsaya a ƙofar ɗakin hoto yana murza hularsa, ya ce, "Sista, matar nan da kika haska wancan mako, ashe ba ita kaɗai ba ce."

Nan take na gane. Na jawo kujera na zauna.

Amai ya dame ta, suka kai ta ƙaramin asibitin ƙauyensu, aka auna aka ce wata uku ne ko kusa da haka. Da suka biya sayen magani, mai kemis ya ji an ce an yi mata hoto, sai ya riƙe baki. Wai hasken injin dafa ɗa yake yi a ciki, wai za a haife shi ba hannu ba ƙafa, gara a wanke tun yana ƙarami. Yana da allurar da ke yi.

Na ce wa Umara mai kemis bai san abin da yake faɗa ba. Na gaya masa hoton ƙugu ɗaya ba ya yin wannan, sai an jera mata irinsa wajen ɗari kafin likitoci su fara tsoron nakasa. Ya saurara sosai, har yana gyaɗa kai. Da na gama ya ce, "To ki rantse mini da littafinku cewa lafiya za a haife shi."

Na ce ba zan iya ba. Ko matar da ba ta taɓa ganin ƙofar asibiti ba, babu wanda zai rantse a kan abin da ke cikinta. Abin da zan iya cewa shi ne hotona bai isa ya nakasa shi ba. Ya mayar da hularsa ya ce, "Kin ga kenan ke ma ba ki tabbata ba." Ya tafi.

Na tabbata. Abin da ya nema ne ba na mutum ba.

Laraba, 11 ga Satumba, lokacin hutun rana

Ummussalma, nas ɗin da muke cin abinci tare, ta ji labari. Ta ajiye cokali ta kalle ni. "Ke ma dai, Dibora. Cikin fari, a gaban uwar miji? Ko wuƙa aka ɗora mata a wuya ba za ta ce e ba. Ni da nawa na fari, sai da ya fito kowa ya gani, kuma ko a lokacin ban amsa ba."

Abin haushin shi ne na san wannan. Tun ina yarinya a Kafanchan na san matar Bahaushe ba ta faɗin cikin fari, ba ta ma kiran sunan ɗan idan ya zo. Na sha yi wa Ummussalma tsiya a kai. Amma ranar da aka kawo ta na yi tambayar yadda aka koya mana a makaranta, da tsohuwa tsaye a kanmu, na ga girgiza kai na karɓa. Da na ce Iya ta ɗan jira a waje, da duk wannan bai taso ba.

Kuskuren nawa ne, kuma na gaya wa Dakta Mukhtar haka. Amma kuskuren tambaya ne. Ɗan yana nan lafiyarsa.

Juma'a, 13 ga Satumba, da safe kafin a buɗe

Na zo da wuri na sake lissafa yawan hasken da na ba Mairam, don kada in zama mai cika baki. Daidai yake da yadda na zata. Hasken da ya kai ga mahaifarta bai wuce abin da kowane mutum ke sha daga ƙasa da sama da bangon ɗakinsa a cikin 'yan watanni ba, ko ya je asibiti ko bai je ba.

Mutane suna zaton jiki farin ƙyalle ne, duk abin da ya ɗiga a kai ya zauna. Ba haka yake ba. Kowace rana ƙwayoyin jikinmu suna samun 'yan raunuka, daga rana, daga abinci, daga numfashin da muke ja, kuma kowace rana suna gyara kansu. Wadda ta ƙi gyaruwa jiki ya jefar da ita ya yi wata. Haske kaɗan ƙarin aiki kaɗan ne ga masu gyaran. Ɓarna tana zuwa ne idan aka yi musu yawa a lokaci ɗaya. Ban ce babu komai sam ba: littafi ya ce akwai wani ɗan ƙarin haɗari na ciwo can gaba, ƙanƙane ƙwarai, cikin dubban yara da ƙyar ya taɓa ɗaya. A kan wannan ne za a zubar da mutum?

Dakta ya kira Umara a waya ya yi masa bayani shi ma. Umara ya ce ya gode, amma ai dole likita ya kare asibitinsa.

Asabar, 14 ga Satumba, da rana

Lafiya lau nake. Yalo na ci da tsamiya. Lafiya lau.

Laraba, 18 ga Satumba, da yamma

Sun zo su biyu, Umara da Iya Asabe, ba Mairam. An ce ba ta ci ba ta sha, tana kwance ta juya wa ƙofa baya.

Wannan karon na shirya. Na ce wa Umara, "Tarunka, akwai ranar da kake fitowa da shi daga ruwa zare ko ɗaya bai tsinke ba?" Ya ce babu, ciyawar kachalla kaɗai ta isa ta tsinka. Na ce, "Jefar da shi kake yi?" Ya ce a'a, da yamma yake zama ya ɗinke. Na ce to haka jiki yake yi, kuma ya fi shi iya ɗinki. Na ga maganar ta shige shi, har ya kalli uwarsa.

Iya ba ta ko motsa ba. Ta ce, "In ba ya cutarwa, me ya sa da za ki kunna kika gudu bayan bango kika bar ta ita kaɗai?"

Tambaya ce mai kyau, kuma ina da amsarta. Na ce, "Iya, wadda ta zo sayen kifi ta shaƙi hayaƙin banda sau ɗaya, da wadda ke zaune a bakin murhun shekara da shekaru, ɗaya suke? Mairam sau ɗaya ta zo. Ni kullum ina nan."

Ta gyaɗa kai a hankali. Na zaci na gama da ita. Sai ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi, ta ce, "Haka ne, kullum kina nan. Mun tambaya, an ce shekararki bakwai da aure. Ina goyonki, 'yar nan? Duk garin nan an san injin ne ya ƙone miki mahaifa. Ke da bango ma kenan."

Umara ya ce, "Haba Iya." Na tashi na gyara zanen gadon hoto, wanda a gyare yake.

Alhamis, 19 ga Satumba, da safe

Ashe abin da ake faɗa a gari kenan.

Lahadi, 22 ga Satumba, bayan an taso coci

Ban iya rera waƙa ba yau. Ina tsaye cikin matan zumunta bakina yana motsi kawai.

A hanyar gida Luka ya ce, "Kina da amsar da ta fi ta taru da ta hayaƙi, kin kuma san ta." Na ce ya yi shiru. Ya ce, "Ni ban ɗora miki wannan alkawari ba, ke kika ɗora wa kanki."

Gaskiyarsa. Cikina na farko, mun gaya wa kowa, har Mama ta fara saƙa hula a gida, sai ya zube. Kuma ya zo ne shekarar da asibiti ya mayar da ni ofis saboda injin ya lalace, wata da watanni ban kunna komai ba. Na biyu na jira har wata uku kafin in faɗa a zumunta, aka yi addu'a aka yi guɗa, mako bai zagayo ba shi ma ya tafi. Tun daga nan na ce bakina ba zai sake furtawa ba sai na ji kukan jariri. Ban da Luka, Dakta Mukhtar kaɗai ya sani, don dole ne, shi ya hana ni riƙe marasa lafiya a gaban inji, kuma bajon da nake maƙalawa a riga mai auna haske kullum yana dawowa kusan ba komai.

Na san magana ba ta zubar da komai. Ni ce mai bayanin ƙwayoyin jiki. Amma ko a nan, inda babu mai gani, hannuna ya ƙi rubutawa.

Talata, 24 ga Satumba, da azahar

Umara ya kira. Ruwa ya cinye hanyarsu, sai ta jirgi. Iya ta yanke magana: mai kemis zai dawo daga gari ranar Juma'a da allurar. Na ce limaminsu fa? Ya ce liman ya ce ba ya halatta sai likita ya ce akwai larura, Iya ta ce ai mai kemis ma likita ne. Na ce Mairam fa, me ta ce? Ya ce ba a tambaye ta ba.

Na tambaye shi don me ya kira ni. Ya ce bai sani ba.

Laraba, 25 ga Satumba, da yamma

Na ɗauki hutun gobe. Luka ya ce ba zan shiga kwalekwale a haka ba. Na ce zan shiga. Ya ce to shi ma ɗalibansa su yi haƙuri gobe.

Alhamis, 26 ga Satumba, bayan magariba

Mun dawo. Ƙafafuna sun kumbura, amma zan rubuta tun ban manta ba.

Mota ta ajiye mu inda kwalta ta nutse, Umara yana jira da jirginsa. Gonakin shinkafa duk sun koma tafki, sai kawunan itatuwa. Luka ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu yana addu'a a fili, shi da ya zo tsare ni. Umara ya tura mu ta cikin kachalla.

Da muka shiga gidan, Iya tana tsakar gida tana juya kifi a kan waya. Na gaishe ta har ƙasa, ta amsa ba yabo ba fallasa. Na ce, "Iya, ina roƙon arziki. Ki bar ni da ita mu biyu." Abin da ya kamata in faɗa tun ranar farko kenan. Ta nuna mini ɗakin da haɓa.

Mairam ta rame, idanunta sun faɗa. Na zauna a bakin katifa na saki labule. Na ce, "Babu kowa, daga ni sai ke. Ranar nan kin san akwai?" Ta ce e, da murya can ƙasa. Na ce, "Yanzu me kike so?" Ta daɗe tana jan zaren tabarma. Sannan ta ce, "Anti, ko ba shi da hannu ina sonsa. Amma ta yaya zan faɗa?"

Na ce mata hannunsa biyu, in Allah ya yarda, kuma ni zan faɗa wa Iya.

Na leƙa na kira Iya. Ta shigo tana goge hannu da zane. Umara ya gaya mini a jirgi cewa ita ce ungozomar ƙauyen, rabin yaran da muka gani a bakin ruwa ita ta yanke musu cibiya. Don haka ban yi dogon bayani ba. Na kwance ɗaurin zanena, na kama hannunta mai warin hayaƙi na ɗora. Ta so ta janye, sai yatsunta suka fara aikinsu da kansu, ta danna nan, ta danna can. Ta ɗago ta kalle ni.

Ta ce, "Wata biyar."

Na ce, "Saura kaɗan. Shekara takwas ina ɗakin nan, Iya, injin bai ƙone komai ba. Na rasa biyu, kuma ba shi ne ya ɗauke su ba. Na san yadda ɗaki yake komawa bayan an rasa. Ba na so Mairam ta sani, balle a kan hoto ɗaya da na ɗauka da hannuna, na kuma san nauyinsa."

Ta ce, "Me ya hana ki faɗa ranar da na zage ki?"

Na ce, "Abin da ya hana Mairam."

Ta zauna a ƙasa, hannunta yana nan bai bar jikina ba. Can ta ce, ba ni take kallo ba, "Ni na riga ta gani. Tun tana ƙin miyar kifi na gane. Amma ba a faɗin ƙaramin ciki a gaban baƙo, baki yana kama shi. Na ce bari in rufe mata. Ni na ce ki ɗauki hoton." Ashe duk zafin nan da take yi, da kanta take yi.

Na jira ta ce an fasa. Ba ta ce ba. Ta miƙe ta ce, "Ku kama hanya, ruwa ƙaruwa yake yi. Ke kuma ki zauna a tsakiyar jirgi, ba a gefe ba."

Juma'a, 27 ga Satumba, da yamma

Waya ba ta yi ƙara ba. Na kira, a kashe.

Asabar, 28 ga Satumba, da safe

A kashe. Luka ya ce ƙila caji ne, ba su da wuta. Na san abin da na gaya musu gaskiya ne. Wannan kam ba ya canzawa.

Lahadi, 29 ga Satumba, da rana

Na faɗa, kwana uku kenan, kuma babu abin da ya same ni.

Laraba, 2 ga Oktoba, bayan an tashi aiki

Ina goge inji Ummussalma ta banko ƙofa ba sallama. Ta ce, "Munafuka. Tare muke cin abinci kullum, sai a bakin wata tsohuwar Guri zan ji?"

Na fito. Iya Asabe ce zaune a tsakiyar benci, ta tara matan da ke jiran awo tana ba su labarina, har da nuna girmansa da hannu. Wadda ta ce ba a faɗa a gaban baƙo. Da ta gan ni ta ce, "Naki ya wuce kamun baki, ya yi ƙwari. Kuma gara masu cewa an ƙone su ji." A gefenta Mairam ce cikin sabon mayafi, kai a sunkuye. Umara yana can bakin ƙofa yana murza hula.

Sikanin suka zo yi. Na gaya musu wannan ba haske a cikinsa, sauti ne kawai. Kafin a fara na ce Iya ta jira a waje, ta ce yau kam ko sojoji ba za su fitar da ita ba, Mairam ta yi murmushi ta ce a bar ta. Dakta Mukhtar ya shafa mata mai a ciki ya ɗora na'urar, ya juyo da allon wajenmu. Ya ƙirga wa Iya da bakin biro: hannu, hannu, ƙafa, ƙafa. Ya ƙara murya, bugun zuciyar ya cika ɗakin, da sauri da sauri. Ya tambayi Mairam cikin na nawa ne. Ta rufe fuska da mayafi. Iya ta ce, "Na fari ne, likita. Rubuta da kyau."

Sun kawo mini ƙullin busasshen kifi. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, na riƙe numfashi har suka fita.

Na riga na kafa wa kaina doka: daga yau duk macen da ta shigo ɗakin hoto, 'yan rakiya su tsaya a waje, in saki labule, sannan in tambaya.

Luka yana ta leƙowa yana son ganin me nake rubutawa. Bari ya gani.

Ina da ciki. Wata biyar. Yanzu ma ya motsa.